Daga Tafin Hannu Zuwa Hukunci: Tarihin Wata Tambaya

Duk wanda ya san gulbin da ya ratso Argungu ya gangaro fadamar Birnin Kebbi, kusa da mu nan Gwadangaji, ya san lalube. Ruwa ya gauraye da laka, ido ba shi da amfani. Masunci ya shafa abu a ƙarƙashi, nan take ya yanke cewa kifi ne ko guntun itace. A bikin Argungu ma, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, akan yi gasar kamun kifi da hannu. Abin da wannan maƙala ke bi shi ne: me ke tsakanin shafawar da hukuncin?

A 1926 Edgar Adrian na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa jijiyar ji ba ta ƙara girman saƙonta idan taɓi ya yi ƙarfi, sai dai ta yawaita bugu. A 1968 Vernon Mountcastle da abokan aikinsa a Amurka suka gwada bugun jijiyoyin hannun biri da iyakar girgizar da mutum ke iya ji, suka tarar sun yi daidai. Amma dacewa ba dalili ba ce. Sai a 1998 Ranulfo Romo na Meksiko ya kawo hujja mai nauyi: ya sa wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri 'yar wutar lantarki maimakon girgiza yatsansa, biri kuwa ya yanke hukunci tamkar an taɓa shi.

Da nan aka tsaya, da magana ta ƙare. To, a 1996 Britten da Newsome da abokansu sun ga cewa bugun ƙwayar gani guda yana ɗan nuna abin da biri zai zaɓa, ko da hoton bai sake ba, aka ɗauka bugun ne ke jan hukunci. A 2009 Nienborg da Cumming suka nuna cewa wani kaso na wannan dangantaka daga sama yake saukowa, watau hukuncin da ke ƙulluwa yana komowa ya sauya bugun. A ganina wannan ya fi kusa da halin masunci: wanda ya shiga ruwa da tsammanin giwan ruwa, kututture ma yakan motsa a hannunsa.