Dokokin Fir'aunoni a Kan Dutse da Batun Harshe

Gabatarwa

A tsohuwar Masar, umurnin sarki yakan fara ne a takardar fafirus, sannan a sassaƙa shi a kan dutse domin ya daɗe. Wannan maƙala ta duba abin da dokokin suka ƙunsa da kuma harshen da aka rubuta su da shi.

Abin da Dokokin Suka Ƙunsa

Yawancinsu kariya ce ga gidajen bauta. Fir'auna Pepi II ya ɗauke wa ma'aikatan gidan bautar Min da ke Koptos aikin tilas. Seti I kuwa, wajen shekara 1290 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa an sassaƙa dokarsa a jikin dutsen Nauri, cikin Sudan ta yau. Dokar ta tanadi bulala da yanke hanci da kunnuwa ga jami'in da ya taɓa dukiyar gidan bautar Abydos.

Dutsen Rashid

A shekarar 196 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), limaman bauta suka taru a Memfis suka zartar da doka don girmama Sarki Batlimus V, wanda ya yafe bashin haraji ya saki fursunoni. Sarkin jinin Makidoniyawa ne, harshen fadarsa Girkanci. Saboda haka aka rubuta dokar sau uku: da hiroglif na addini, da demotik na harkokin yau da kullum, da Girkanci na mulki. Ɗalibin da ya tashi a Nima ko Maamobi a Ankara ya san irin wannan rabo: Larabci a masallaci, Hausa a kasuwa, Ingilishi a ofis.

Bayan shekarar 394 Miladiyya ba a ƙara sassaƙa hiroglif ba, har aka rasa mai iya karanta shi. A 1799 sojojin Faransa suka tono dutsen a garin Rashid, kuma tun 1802 yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A 1822 Champollion ya warware rubutun, ta hanyar gwada shi da Girkancin da kuma sanin harshen Kibɗawa.

Kammalawa

Dutse ya adana haruffa har shekara kusan 2,000, amma fassarar da ke gefensu ce ta adana ma'ana. Mai rubuta Hausa da ajami da boko, ko mai fassara ta, irin wannan aikin yake yi wa na baya.