Fuskar Sarauniya Amina: Wa Ya Gan Ta Ya Zana?

Yau daga Saminaka nake magana da ku, kuma wani zane ne ya jawo hirar.

Ƙanwata tana zane da fastel, wato alli mai launi da ake murzawa da yatsa. Kwanaki ta zana Sarauniya Amina ta Zazzau daga tunaninta, ta ɗauki hoton da waya, ta gyara haske da inuwa a manhajar zane, ta saka a Facebook. Kafin mako guda sai ga shi a WhatsApp, an cire sunanta, an rubuta wai "ainihin hoton Amina". Abin ya ba ni dariya, daga baya kuma ya dame ni.

To, mu koma tarihi. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438. Wasu masana kuma sun ce a ƙarni na 16 ta yi zamani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi maganar yaƙe-yaƙenta a Infaƙul Maisuri. Amma kyamara fa? Sai a 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Ko Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ya rasu a 1817, bai riski kyamara ba. Don haka duk hoton da aka tura maka aka ce nasa ne, ka san ba shi ba ne.

Fuskar Amina da muka saba gani, masu zane ne suka ƙirƙiro ta. A 1975, shekarar mata ta duniya, Najeriya ta fitar da kan sarki mai ɗauke da zanenta. Ben Ekanem ya sassaƙa mutum-mutuminta a kan doki a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas. A 2021 fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya ba ta wata fuskar daban. Kowa da tasa Aminar.

Ni ban ga laifin mai zanen da ya ce wannan tunaninsa ne ba. Laifin yana wurin wanda ya goge sunan mai zane ya sayar mana da hasashe a matsayin hujja. Yaron da ya taso da hoton ƙarya, ranar da ya gano, har gaskiyar ma sai ya yi shakkarta.

Yanzu ƙanwata tana rubuta "zanen tunani" da shekara a jikin zanen kansa, inda yankewa zai ɓata shi. Ku ma kafin ku tura hoto, ku tambaya: wa ya zana, kuma yaushe?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.