Kuɗin Haraji da Tayin Kwana Biyar: Gardamar da ta Raba Kan Amurkawa

Yau tarihinmu zai leƙa Amurka, inda aka shafe shekara fiye da goma ana ja-in-ja kan tambaya ɗaya: ya halatta gwamnati ta zuba kuɗin haraji a binciken da sai an lalata tayin ɗan Adam kafin a yi shi?

Bari mu faro daga tushe. Wasu shekaru bayan an haifi Louise Brown a Ingila a 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji, asibitoci suka fara tara rarar tayi a cikin ƙanƙara. A cikin tayin da ya kai kamar kwana biyar akwai wasu ƙwayoyi da ke iya rikiɗa su zama kowane irin nama na jiki: jijiya, zuciya, jini. Matsalar ita ce, in aka ciro su, tayin ya mutu ke nan.

A 1996 wata dokar majalisar Amurka, mai suna Dickey-Wicker, ta hana kashe kuɗin gwamnatin tarayya a duk binciken da ake lalata tayi. Shi ya sa lokacin da James Thomson na jami'ar Wisconsin ya yi nasarar renon waɗannan ƙwayoyi a 1998, da kuɗin wani kamfani, Geron, ya yi aikin. Ku lura da wannan: ba binciken aka haramta ba, aljihun gwamnati aka rufe.

Masu goyon baya suka ce tayin nan dama zubar da shi za a yi, me zai hana ya amfani marasa lafiya? Cikinsu har da Nancy Reagan, wadda mijinta tsohon shugaban ƙasa ya yi fama da ciwon mantuwa. Cocin Katolika da masu adawa da zubar da ciki kuwa suka ce rai rai ne tun ranar farko, kuma ba za a tilasta musu biyan kuɗin kashe shi ba.

Ran 9 ga Agustan 2001, shugaba George W. Bush ya raba gardama da rabi: za a ba da kuɗi, amma kan ƙwayoyin da aka riga aka ciro kafin wannan rana kawai. Ya ce sun haura iri 60. Daga baya aka tarar 21 ne kacal suke amfani. Jihar Kalifoniya ta ce ba ta jira: a 2004 jama'arta suka kaɗa ƙuri'a suka ware dala biliyan 3. Majalisa ta nemi sassauta ƙa'idar, Bush ya hau kujerar na-ƙi sau biyu, a 2006 da 2007.

Ana cikin haka sai wani Bajapane, Shinya Yamanaka, ya gano hanyar mayar da ƙwayar fatar baligi ta koma kamar ta tayi, ba tare da an taɓa tayi ba. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 2012, ya kuma rage zafin rigimar sosai.

Barack Obama ya ɗage takunkumin Bush ran 9 ga Maris 2009. A 2010 wani alƙali ya dakatar da kuɗin, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa, a 2013 kotun ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar. Dokar 1996 kuwa ba a soke ta ba: gwamnati na biyan bincike kan ƙwayoyin, amma ba ta biyan ciro su.

Wani ƙarin haske gare mu nan Nijar, inda amosanin jini ke wahal da iyalai da yawa: dashen ɓargo da ake yi wa masu wannan ciwo daga jikin mai bayarwa ake samo shi, galibi ɗan uwa. Ba ruwansa da tayi, kada a rikita ku.

Abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, tambayar yaushe tayi ke zama mutum, ba shugaba ko alƙalin da ya amsa ta. Sun dai yanke wa zai biya. To ku, da kuɗinku ne, me za ku ce? Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.