Zanen da ke Rawa da Kiɗa

A shekarar 1997 wani matashi Ba'amurke, Justin Frankel, ya fitar da Winamp, manhajar sauraron waƙoƙin MP3 a kwamfuta. Daga baya ya ƙara mata AVS, wadda ke cika allo da launuka masu bin sauti. Da yawa daga cikinmu a Babura da Kazaure, a shagon masu turi muka fara ganin irin wannan zane: kalangun Shata ya zabura, launuka su tarwatse; ya lafa, su kwanta.

Fayil ɗin .avs babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Umarni ne kawai ga kwamfuta: in ganga ta buga, murɗa wannan layi, sauya wancan launi. Shi ya sa kowace waƙa da zanen da take haifarwa.

A 2001 Ryan Geiss ya kawo MilkDrop, mai fayilolin .milk da aka rubuta da haruffan da kowa zai iya buɗewa ya karanta. Da kamfanin AOL ya sanar da rufe Winamp a 2013, sai bambancin ya fito. Manhajar projectM na kunna .milk har gobe, su kuwa .avs galibi sai an tono tsohuwar manhajarsu.

Mu ma muna da namu. Bidiyon bukukuwanmu da hawan sallah na nan kwance a tsofaffin memori cikin tsarin 3GP. Mu kwafe su, mu juya su zuwa MP4, tun akwai na'urar da ke gane su.