Allurar Wata Uku da Lissafin Haila a Briqueterie

Unguwar Briqueterie, wadda ta ci sunanta daga masana'antar bulo, ita ce zangon Hausawa a Yawunde, kuma fatake sun fara zama a birnin tun zamanin Jamus. Tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a gidajen Hausawa. Mace kan shayar da ɗa shekara biyu, mai kwanika kuwa abin gori ce. Baƙuwar ita ce allura.

Ta daɗe a hanya. Dokar Faransa ta 1920, wadda ta haramta yayata magungunan hana ɗaukar ciki, ta bi Turawan mulki zuwa Kamaru, ba a sassauta ba sai a 1980. An kafa ƙungiyar CAMNAFAW ta tsara iyali a 1987. Ita kanta Depo-Provera, ƙirar kamfanin Upjohn, hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ita a 1978, sai a 1992 ta yarda, alhali an riga an yi shekaru ana yi wa matan Afirka.

Allurar na hana ƙwai fita, tana kuma sirantar da shimfiɗar mahaifa. Saboda haka a watannin farko jini kan zo a tsintsinke, yau ɗigo, jibi tsarki, gata ya komo. Bayan shekara guda, kusan rabin masu yin ta haila kan ɗauke musu ɗungurungum. Ba taruwa jinin yake yi a ciki ba, kamar yadda mata da yawa suke tsoro. Shimfiɗar da za ta zube ce ba ta yi kauri ba.

A takardar likita wannan ƙaramar illa ce, kuma a ma'aunin lafiya haka ne. Amma ga Musulmar da ke lissafa salla, azumi da kusantar miji da kwanakin jini, ɗigo ɗaya tambaya ce: haila ne ko jinin ciwo? Amsar ta girmi allurar da ƙarni huɗu. Littafin Ahalari, na mazhabar Malikiyya, ya hukunta cewa wadda jininta ke yankewa ta harhaɗa kwanakinsa har su cika al'adarta, ta ƙara uku muddin ba ta wuce goma sha biyar ba. Abin da ya biyo baya istihala ne: ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi, ko da ɗigon bai tsaya ba.