Haɗa kwamfutar wasanni: abin da ya kamata a duba kafin a fitar da kuɗi

Matasa a Gaya, Karakara da sauran garuruwan jihar Dosso sun saba da wasan ƙwallo na eFootball da EA Sports FC a gidajen wasa. Wanda ke son buɗe irin wannan gida, ko ya mallaki tasa kwamfutar, yana iya sayen sassa ɗaya-ɗaya ya haɗa. Hakan ya fi sauƙin gyara, amma idan sassa biyu ba su dace da juna ba, kuɗi sun tafi, domin kayan da suka taso daga Computer Village a Legas ko Farm Centre a Kano da wuya a mayar da su. Rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023 ya ƙara wahalar shigo da kaya ta Kwatano.

Katin hoto

Shi ke zana abin da ake gani a allo, kuma shi ya fi cin kuɗi. Don haka da shi ake fara lissafi. Ga allon 1080p, AMD RX 6600 mai giga 8 ko Nvidia RTX 3060 mai giga 12 sun wadatar. A duba wutar da kowane ke ja: RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, RTX 4060 kuwa wat 115 kacal. A yi hattara da katin hannu. A watan Satumba 2022 Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, sai katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwa. Kada a biya sai an kunna wasa na rabin awa an ga babu zane-zane a allo.

Furosesa da babban allo

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwa, babban allo kuma shi ke haɗa sassan duka. Dole mazauninsu ya zama ɗaya. Ryzen 5 5600 tana zama a AM4, Core i5-12400F kuma a LGA1700. Duka biyun suna da zuciya shida kuma sun isa wasa. Harafin F a ƙarshen sunan Intel yana nufin ba ta fitar da hoto da kanta, sai da kati. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya farawa da Ryzen 5 5600G, wadda ke da hoto a cikinta, ya ƙara kati daga baya.

RAM da ma'ajiya

Giga 16 ya dace, kuma sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya sauri. AM4 yana karɓar DDR4, AM5 kuwa DDR5 kawai. Ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Ga ma'ajiya, a ɗauki SSD na aƙalla giga 500, tera 1 ya fi, domin wasa guda yana iya cin fiye da giga 50. Inda intanet ke da tsada, goge wasa a sake sauke shi asara ce.

Wuta

Nan ne yawancin kwamfutoci ke mutuwa. Akwatin wuta mara suna, idan ya ƙone, yakan tafi da babban allo da katin hoto. A nemi mai tambarin 80 Plus, wat 550 zuwa 650. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, masu amfani da NIGELEC sun ga yadda kuran ke zuwa yana komawa. Saboda haka na'urar daidaita wuta da onduleur suna cikin kasafi tun farko. Mai sola ya yi lissafi: Ryzen 5 5600 da RX 6600 da allon kallo suna jan kimanin wat 300 a lokacin wasa, awa biyar ke nan kilowat-awa ɗaya da rabi.

Zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura ke toshe fanka. A zaɓi akwati mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigar da iska da ɗaya mai fitarwa. A ɗora shi a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa, a riƙa hure ƙurar kowane wata. Fitilu masu launi ba sa ƙara sauri, kuɗinsu ya fi amfani a fanka.

Kafin a biya

A rubuta cikakken sunan kowane sashi a tura wa mai kaya, ya turo hotonsa da lambarsa. A tambayi garanti, a karɓi rasit. A haɗa kuɗin mota, na duwan da canjin naira zuwa sefa a cikin farashi, a kuma ware wani abu na gyara. Idan da hali, a haɗa kwamfutar a kunna ta a gaban mai kaya kafin a ɗoro ta a mota.