Thina-middha

Thina-middha kalma ce ta harshen Pali da ke nufin kasala da gyangyaɗin da kan kama mutum sa'ad da yake zuzzurfan tunani a addinin Buddha. Da harshen Sanskrit ana ce mata styana-middha. Ita ce ta uku a jerin shingaye biyar da litattafan addinin suka ce suna hana zuciya natsuwa da gani sarai. Sauran huɗun su ne sha'awar jin daɗi, ƙiyayya, rashin kwanciyar hankali haɗe da damuwa, da kuma shakka. Makarantun Buddha sun bambanta wajen dabarun magance ta, amma galibinsu suna fara wa da rarrabe gajiyar jiki, wadda maganinta barci ne, da mutuwar zuciya, wadda maganinta tayar da himma ne.

Ma'ana

Kalmar ta haɗa abubuwa biyu. A litattafan Abhidhamma na makarantar Theravada, thina ita ce nauyi da rashin kuzarin zuciyar kanta, middha kuwa ita ce sanƙarewar abubuwan da ke aiki tare da zuciya, kamar ji da fahimta. Ana lissafa su shinge guda domin tare suke tasowa, kuma abu ɗaya ke ciyar da su.

Nassoshin Pali sun kawo misalai biyu. A Sangarava Sutta an kwatanta zuciyar da kasala ta rufe da ruwa a kwano wanda gansakuka ta lulluɓe, ta yadda mai ido ba zai iya ganin fuskarsa a ciki ba. A Samannaphala Sutta an kwatanta ta da zaman kurkuku, rabuwa da ita kuma da fitar fursuna lafiya.

Abubuwan da ke jawo ta

Ahara Sutta, wadda ke cikin tarin Samyutta Nikaya, ta lissafa abubuwan da ke ciyar da wannan shinge: gundura, lalaci, yawan miƙa, nauyin jiki bayan cin abinci, da sanyin zuciya. Nassin ya ce waɗannan suna ƙaruwa ne idan mutum ya riƙa biye musu ba da lura ba. Wani dalilin kuma yana cikin aikin kansa. Mai zuzzurfan tunani yana zaune shiru, numfashinsa ya lafa, sau da yawa idonsa a rufe, yanayin da ya yi kama da shirin barci. Idan natsuwa ta yi wa himma rinjaye, sai zuciya ta zame cikin gyangyaɗi.

Shawarar Buddha ga Moggallana

Nassin da ya fi shahara a kan batun shi ne Pacalayamana Sutta, a sashe na bakwai na Anguttara Nikaya. Ya ba da labarin Moggallana, ɗaya daga cikin manyan almajiran Buddha biyu, wanda yake zaune yana gyangyaɗi a wani ƙauye na ƙasar Magadha, a arewa maso gabashin Indiya ta yau. Buddha ya ba shi matakai a jere, kowanne ana komawa gare shi idan na gabansa bai yi aiki ba:

1. Ya bar tunanin da yake kai sa'ad da barcin ya zo masa.
2. Ya yi nazarin koyarwar da ya ji ya kuma haddace.
3. Ya karanta ta da baki daki-daki.
4. Ya ja kunnuwansa biyu, ya murza gaɓoɓinsa da hannu.
5. Ya tashi ya wanke idonsa da ruwa, ya dubi kowace kusurwa, ya ɗaga kai ya kalli taurari.
6. Ya sa hasken rana a zuciyarsa, ya ɗauki dare kamar tsakar rana.
7. Ya yi ta kai da kawowa, yana sane da gabansa da bayansa, hankalinsa bai fita waje ba.

Idan duk waɗannan suka gaza, sai ya kwanta a gefen dama, ƙafa kan ƙafa, irin kwanciyar da ake kira ta zaki, da niyyar tashi. Da ya farka kuma ya miƙe nan da nan, kada ya tsaya jin daɗin shimfiɗa. Jerin ya fara da gyaran tunani, ya wuce zuwa murya da jiki, ya ƙare da halatta barci. Litattafan sharhi sun ce hakan ya faru ne mako guda bayan Moggallana ya shiga sufanci, kuma a lokacin ne ya kai matsayin arahant, wato cikakken tsarkin zuciya.

Daidaita himma da natsuwa

Aggi Sutta ta yi bayani da misalin wuta. Wanda yake so ya hura ƙaramar wuta ba zai zuba mata ɗanyar ciyawa da jiƙaƙƙen itace ba. Haka nan idan zuciya ta yi sanyi, ba lokacin ƙara lafawa ba ne, lokaci ne na bincike, himma da farin ciki, uku daga cikin abubuwa bakwai da ke kai ga farkawa. Amma an yi gargaɗi a kan wuce gona da iri. A labarin wani almajiri mai suna Sona, Buddha ya kwatanta himma da tsirkiyar kayan kiɗa da ake kira vina: idan ta yi tauri da yawa ba ta ba da amo mai daɗi, haka ma idan ta yi sako-sako. Himmar da ta wuce kima takan kai ga rashin kwanciyar hankali, wadda ta gaza kuma takan kai ga lalaci.

Sharhin Satipatthana Sutta, wanda ake dangantawa da Buddhaghosa, malamin ƙarni na 5 da ya yi aiki a Anuradhapura ta Siri Lanka, ya kawo abubuwa shida masu taimako: lura da yawan cin abinci, sauya yanayin zama, tunanin haske, zama a fili, abokan kirki, da zance mai amfani.

Matsayin barci

Addinin Buddha bai ɗauki barci kansa a matsayin laifi ba. Tsarin da nassoshi suka shimfiɗa wa sufaye ya raba dare kashi uku: na farko da na ƙarshe don zama da tafiyar tunani, na tsakiya don kwanciya. A Mahasaccaka Sutta Buddha ya amsa cewa yakan yi barcin rana a watan ƙarshe na bazara bayan ya dawo daga karɓar sadakar abinci. A koyarwar Theravada, thina-middha ba ta gushewa gaba ɗaya sai a matakin arahant, duk da haka jikin arahant yana gajiya yana kuma hutawa.

Akwai aikin ganin dama da ake kira nesajjika, ɗaya daga cikin ayyukan tsanani 13, inda sufi yake barin kwanciya baki ɗaya, ya yi barci a zaune. Sharhin Dhammapada ya ba da labarin Cakkhupala, wanda ya ƙi kwanciya duk tsawon watanni uku na zaman damina har ya rasa idanunsa.

A makarantun Tibet

Malaman Tibet sun fi mai da hankali ga wani nau'i mai wuyar ganewa. Tsongkhapa (1357–1419), a littafinsa Lamrim Chenmo da ya kammala a 1402, ya bambanta nauyin jiki da zuciya da kowa zai gane, da wani sako-sako mai laushi inda zuciya take zaune daram a kan abin da take tunani amma kaifinta ya ragu. Haɗarin na biyun shi ne mutum zai zaci ya samu natsuwa ta gaskiya, ya daɗe a haka ba ci gaba. Maganinsa shi ne ƙara riƙo da kaifin lura, da tunanin abin da ke ɗaga zuciya, kamar darajar samun rayuwar ɗan Adam. Idan abin ya yi tsanani sai a katse zaman a sha iska.

A Sin da Japan

Zhiyi (538–597), wanda ya kafa makarantar Tiantai a ƙasar Sin, ya sa daidaita barci cikin abubuwa biyar da mai zama zai gyara, tare da abinci, jiki, numfashi da zuciya. A makarantun Zen na Japan ana zama da ido a ɗan buɗe, ana kuma raba zaman da tafiya a hankali da ake kira kinhin. Akwai sanda mai faɗi, kyosaku a makarantar Soto, keisaku a Rinzai, wadda mai kula da ɗaki yake buga wa a tsokar kafaɗa. A wurare da dama mai zaman ne da kansa yake haɗa tafukan hannu don neman bugun, su biyun kuma su sunkuya wa juna. Keizan, malamin Soto da ya rasu a 1325, ya shawarci mai jin barci ya girgiza jiki, ya buɗe ido sosai, ya sa hankalinsa a goshi, ko ya tashi ya yi tafiya.

Shayi ma yana da alaƙa da batun. Eisai, wanda ya kai koyarwar Rinzai Japan, ya rubuta littafi a kan amfanin shayi a 1211. Wata tatsuniya ta ce ganyen shayi ya tsiro ne daga fatar idon Bodhidharma, da ya yanke ya jefar don haushin barcin da ya ɗauke shi.

A zamanin yau

A Miyanma, Mahasi Sayadaw (1904–1982) ya koyar da cewa a mai da barcin kansa abin lura, a riƙa ambatonsa a zuci har ya wuce, idan bai wuce ba a kwanta ana ci gaba da lura. A Tailan, Ajahn Chah (1918–1992) na gidan sufaye na Wat Pah Pong a lardin Ubon Ratchathani ya shawarci almajiransa su yi tafiya da baya, ko su zauna a bakin wuri mai zurfi, domin tsoron faɗuwa yana korar barci. Shi ma ya ce idan komai ya gaza a je a kwanta. A gidajen sufaye na al'adar daji ta Tailan, har yanzu ana raya dare da zama da tafiyar tunani a ranakun ibada da ake lissafawa da wata.